Masu Tsaron Takardu: Daga Fadar Barno Zuwa Akwatunanmu Na Galtimari

Duk wanda yake garin nan ranar Talata 10 ga watan Satumba na 2024 ba ya bukatar a ba shi labarin abin da ya faru bayan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Ruwa ya ci Fori, ya ci Galtimari da Gwange, ya shiga Kasuwar Monday, har fadar Mai Martaba Shehun Barno bai ƙyale ba. Dattawa suka ce rabon da a ga irinsa tun 1994. An yi asarar rayuka, Allah Ya jiƙansu da rahama, an kuma yi ta dukiya mai yawa. To, amma akwai wata asara da ba ta shiga lissafin kowa ba, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Bayan ruwa ya janye, na bi ta ƙofar gidan wani dattijo a nan unguwarmu, na iske shi ya baza takardu a kan tabarma cikin rana yana ta juya su. Akwai takardar cinikin filin da gidan yake kai, da rasit-rasit na haraji tun zamanin En'e, da wasiƙun ajami da marigayi mahaifinsa ya riƙa samu daga gida. Mafi yawansu tawadar ta wanke, wasu sun manne da juna sun zama curi guda. Na ce, "Baba, sannu da jaje." Ya ɗago kai ya ce mini, "Yaro, katifa ana sayenta a kasuwa. Wannan fa, ina zan je in sayo?" Na rasa abin da zan ce masa. Tun daga ranar nake tunanin mutanen da Allah Ya sa sana'arsu ke nan, wato tsaron takardu, da yadda suka haɗa kansu har suka zama ƙungiya, da kuma abin da ya kamata mu baƙin wannan gari mu koya daga gare su.

BARNO DA TAKARDA

Bari mu fara da ƙasar da ta karɓi baƙuncinmu, domin a duk faɗin Nijeriya da wuya a sami inda takarda ta daɗe kamar Barno. A wajen shekarar 1391, Mai Usman ɗan Idris, Sarkin Barno, ya aika da wasiƙa zuwa ga Sarkin Masar, Barƙuƙ, yana ƙarar wasu Larabawa da ke kai hari ƙasarsa suna kame 'ya'yan Musulmi suna sayarwa bayi. Mai karatu zai so ya san yadda aka yi muka san wannan magana bayan shekara fiye da 600. Dalili shi ne, akwai wani magatakarda a ofishin wasiƙu na fadar Alƙahira, ana ce da shi Alƙalƙashandi, wanda ya kwafe wasiƙar ya sa a cikin babban littafinsa Subhul A'asha da ya kammala a 1412. Littafin nan jagora ne ya rubuta don koya wa magatakarda aikinsu. Ashe ke nan ɗaya daga cikin tsofaffin muryoyin Barno da suka iso gare mu, akawun wata ƙasa ne ya tsare mana ita.

A cikin gida kuwa, sarakunan Sefawa suna da abin da ake kira maharam. Wata takarda ce da Mai kan bai wa malami ko wani gida, ya ɗauke musu haraji da fita yaƙi, ya haramta a taɓa jininsu da dukiyarsu, su da zuriyarsu. Irin waɗannan gidaje sun riƙe maharam ɗinsu tamkar rai, in ta tsufa a sake kwafa, in an yi sabon sarki a kai masa ya sabunta. Me ya sa? Domin ranar da takardar ta ɓace, ranar ce 'yancin gidan ya zama sai abin da mai iko ya ga dama. Mai karatu ya riƙe wannan batu, za mu komo gare shi.

Haka nan babban limamin Birnin Gazargamu, Ahmad ɗan Furtuwa, ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma a 1576, ya kuma ƙara wani littafin a kan yaƙe-yaƙen Kanem bayan shekara biyu. Sa'an nan ga Diwani, wato jerin sarakunan Barno da shekarun da kowa ya yi a kan gado. Birnin Gazargamu ya faɗi a 1808. Kukawa, wadda Shehu Laminu ya gina, Rabe ya ƙone ta a 1893. Tsakanin waɗannan masifu biyu ne wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kukawa a 1851. A zaman da ya yi, ya sami kwafen Diwani da na littattafan ɗan Furtuwa, da taimakon Waziri Alhaji Bashir, ya aika da su Turai. Waɗannan kwafe su ne masana suke dogara da su har yau. Abin ya zama abin kunya ta wata fuska, abin godiya ta wata fuskar, amma darasin ɗaya ne: abin da aka kwafa aka ajiye a wuri biyu, gobara ɗaya ba ta cinye shi.

Ba duka ne suka fita ƙasar ba. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani Bature, A. D. H. Bivar, ya ga wasu tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu na Barno a hannun masu su, ɗaya daga ciki yana ɗauke da kwanan wata da ya yi daidai da 1669. A tsakanin layukansu akwai fassara da tsohon harshen Kanembu, wanda yake kakan Barbarcin yau. Gidajen malamai ne suka tsare su cikin gafaka, daga uba zuwa ɗa, ba tare da albashin kowa ba.

DAGA SAKKWATO ZUWA KADUNA

A ƙasar Hausa ma haka abin yake. Muhawarar da aka yi ta wasiƙa tsakanin Shehu Laminu da Muhammadu Bello a kan halalcin yaƙar Barno, mun san ta ne domin Bello ya kwafe wasiƙun cikin littafinsa Infaƙul Maisuri a 1812, har da na abokin jayayyarsa, bai ɓoye ba. Gidan Wazirin Sakkwato shi ne ofishin wasiƙun daula, ta nan saƙon sarakunan Kano da Zazzau da sauransu kan bi. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun sami tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, wani jami'insu, H. F. Backwell, ya buga fassararsu a Ikko a 1927. Daga baya marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya tattara abin da ya saura ya tsare, ya kuma buɗe ƙofarsa ga masu bincike. A ɗakin karatunsa ne Murray Last ya zauna ya yi aikin littafinsa na tarihin Daular Sakkwato da ya fito a 1967.

Zuwan Turawa ya kawo wani sabon nau'in takarda, wato fayil. Razdan ya rubuta wa Di'o, Di'o ya rubuta wa Hakimi, malamin haraji ya ƙidaya kawuna da shanu, alƙali ya rubuta hukunci, Baitulmali ya yanka rasit. Cikin shekara hamsin takardu suka cika ɗakuna, ba kuwa wanda aka ɗora wa alhakin kula da waɗanda aka gama aiki da su. Sai a 1951 aka ba wani matashin masanin tarihi, Dokta Kenneth Dike, aikin zagaya ofisoshin gwamnati ya duba halin da tsofaffin takardu suke ciki. Ya iske gara da danshi da sakaci suna cin su. Rahotonsa ne ya sa aka buɗe ofishin ajiye takardun gwamnati a Ibadan a 1954, aka yi masa doka a 1957 ya zama Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, da manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna. A 1992 aka sake masa sabuwar doka, wato doka ta 30 ta wannan shekara.

Reshen Kaduna shi ne namu. Yana kan titin Yakubu Gowon, kuma a can ne aka tara fayilolin Sakatariyar Jihar Arewa da na larduna. Na Lardin Barno ana yi musu laƙabi da Maiprof, na Kano Kanoprof, na Sakkwato Sokprof. Duk mai son ya san yadda aka tsara Yerwa bayan Shehu Garbai ya tare a cikinta a 1907, ko yadda hukuma ta riƙa ɗaukar baƙi da fatake da alhazai masu wucewa, to can ya kamata ya dosa da fensirinsa.

Har ila yau, a 1964 aka fara Shirin Binciken Tarihin Arewa, haɗin gwiwar Jami'ar Ibadan da ta Ahmadu Bello, inda aka riƙa bin gidajen malamai ana aron littattafai ana ɗaukar hotonsu a mayar wa masu su. Jagoran shirin, Farfesa Abdullahi Smith, shi ne ya kafa Gidan Arewa a 1970 a tsohon gidan Firimiya Sardauna a Kaduna. Nan kusa da mu kuma Jami'ar Maiduguri tana da Cibiyar Nazarin Ƙasashen Tsallaken Sahara, wadda ita ma ta tara rubuce-rubucen hannu na Barno.

YADDA SANA'A TA ZAMA ƘUNGIYA

Wannan aiki kashi uku ne, ko da yake sau da yawa mutum ɗaya kan haɗa su. Na farko shi ne mai kula da fayilolin da ake aiki da su yau a ofis ko asibiti ko kotu. Shi ke sa wa kowane fayil lamba, ya san inda yake, ya kuma san wanda za a ƙona bayan 'yan shekaru da wanda za a ajiye har abada. Na biyu shi ne mai adana takardun tarihi, wanda ke karɓar waɗanda aka zaɓa, ya tsara su, ya rubuta jerinsu yadda mai nema zai samu. Na uku shi ne likitan takarda, mai jinyar wadda ta yage ko ta jiƙe ko ƙwari suka huda.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen Holan ne suka fara kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a 1891, kuma a 1898 ƙungiyar ta fitar da littafin ƙa'idojin aiki wanda aka fassara zuwa harsuna da dama. Babbar ƙa'idar da ke cikinsa mai sauƙi ce: kada a gauraya takardun wani gida ko wani ofis da na wani, kuma a bar su a jerin da mai su ya bar su, domin jerin kansa shaida ne. Amurka ta kafa tata ƙungiyar a 1936, Ingila a 1947. A 2010 ta Ingila ta haɗe da wasu ƙungiyoyi biyu suka zama uwa ɗaya mai ɗauke da dukkan rassan nan uku, a Birtaniya da Ailan. Ta duniya baki ɗaya an kafa ta a Faris ranar 9 ga Yuni 1948 a ƙarƙashin inuwar UNESCO, shi ya sa ake bikin ranar adana takardun tarihi a 9 ga Yunin kowace shekara. Tana da reshe na Afirka ta Yamma, mu ma a nan gida akwai ƙungiyar da a Turance ake kira Society of Nigerian Archivists.

Wani zai ce, to mene ne amfanin ƙungiya ga mai kaɗe ƙura a kan fayil? Amfanin farko horo ne, a koya wa na baya abin da na gaba suka gano da wahala. Na biyu kuwa, kuma shi ne babba, kariya ce. A 1996, a taronta na Bejin, ƙungiyar duniya ta amince da ƙa'idojin amana na sana'ar: kada ma'aikaci ya canja abin da takarda ta faɗa, kada ya ɓatar da ita don faranta wa wani, ya ba kowa dama daidai, ya kuma rufa asirin wanda asirinsa ke ciki. Akawu shi kaɗai, in mai gida ya ce masa fayil kaza ya ɓace, da wuya ya iya cewa a'a. In yana da ƙungiya a bayansa, da ƙa'ida a rubuce, yana da abin dafawa.

Kada a ɗauka wannan tsoro ne na banza. A 2011, bayan da wasu dattawan Kenya suka kai ƙarar gwamnatin Ingila a kan azabar da aka yi musu zamanin Mau Mau, sai da gwamnatin ta amsa cewa tana ɓoye da dubban fayiloli da ta kwashe daga ƙasashen da ta mulka a jajibirin 'yancinsu, har da na Nijeriya. Wasu ma ƙone su aka yi tun a lokacin. A Tumbutu ta ƙasar Mali kuma, a watan Janairu na 2013 'yan bindiga suka cinna wa wasu littattafan Cibiyar Ahmad Baba wuta, aka yi asarar kimanin 4,000. Abin da ya tsirar da mafi yawan dukiyar garin shi ne, Abdulƙadir Haidara da sauran masu ɗakunan karatu sun riga sun haɗa kai, suka yi ta fitar da littattafai cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta jirgin ruwa, zuwa Bamako.

MU FA, WA KE TSARE NAMU?

Yanzu bari mu komo gida. Kakanninmu sun zo Barno ta hanyoyi da yawa. Wasu almajirai ne da suka yo gabas neman Alƙur'ani suka zauna. Wasu alhazai ne da suka nufi Makka a ƙasa ta Fort Lamy, wato Injamena ta yau, guzuri ya ƙare musu a nan. Wasu fatake ne, wasu jirgin ƙasa ya kawo su bayan dogo ya iso Maiduguri a 1964, wasu kuma kifin Baga ne ya ja su. Barebari suka kira mu Afuno, suka ba mu wurin zama, ga unguwar Hausari nan shaida. To, in yau yaronka ya tambaye ka wace shekara kakansa ya sauka a garin nan, a gidan wa ya sauka, wa ya sayar masa da fili, su wa suka yi shaida, ina abin da za ka nuna masa?

An ce baƙo raɓa ne. Ɗan gari in takardarsa ta ɓace, yana da dangi da Bulama da Lawan da suka san kakan kakansa. Baƙo kuwa, ko ya shekara saba'in, in dattawan da suka shaida cinikin suka kwanta dama, takardar nan ita ce maharam ɗinsa. Mun ga yadda 'yan'uwanmu suka gudo daga Baga a Janairun 2015 daga su sai rigar wuyansu. Mun ga gobarar Kasuwar Monday a Fabrairun 2023, inda littattafan bashi suka ƙone tare da kaya, aka bar mai bi da wanda ake bi kowa da abin da ya tuna. Ga kuma ruwan 2024. Sau uku cikin shekara goma, ai ya isa kunne ya ji.

Ga kaɗan daga abin da masu wannan sana'a suke koyarwa, wanda ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kada a ajiye akwatin takardu a ƙasa, a ɗora shi sama, nesa da bango mai danshi, a riƙa buɗewa ana dubawa saboda gara da kyankyaso. A cire fil da duk wani ƙarfe, domin tsatsa tana cin takarda. Kada a liƙe yagaggiyar takarda da salatif, kada kuma a kai ta asali a manne ta cikin leda da na'ura mai zafi, domin ba ta sake fitowa. In ana so a yi wa kwafe haka, babu laifi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In takarda ta jiƙe, a shanya ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, a kan farar takarda ko tsumma mai tsabta, a kuma hanzarta, don cikin kwana biyu fumfuna takan fara. Wadda ta manne kada a ɓamɓare ta da ƙarfi. A yi hattara ƙwarai da rubutun malamai, domin tawadarmu ta gawayi da ƙaro ce, yadda take wankuwa a kan allo haka take wankuwa a kan takarda. Littafin da ba a ɗinke ba kuma kada a hargitsa jerinsa. In ya hargitse, a duba ƙasan shafi, marubuta sukan sa kalmar farko ta shafi na gaba a wurin.

Bugu da ƙari, a bi dabarar da ta tsirar da Diwani, wato kwafe a wuri biyu. Yau kowane gida akwai waya mai ɗaukar hoto. A ɗauki hoton kowace muhimmiyar takarda, gaba da baya, a aika wa ɗan'uwa a Kano ko Katsina ko Damagaram. A tuna kuma waya tana faɗawa ruwa, tana ɓacewa, saboda haka hoto ba ya maye gurbin ta asali.

Daga ƙarshe, ina kira ga shugabanninmu. Muna da shugaba da magatakarda da ma'ajin kuɗi, me zai hana mu naɗa ma'ajin takardu? A ba shi akwatin ƙarfe da babban littafi, ya tattara littattafan taro na da, da jerin sunayen waɗanda suka riƙe al'umma, da tsofaffin hotuna, kowane gida da kunshinsa daban da sunansa a kai. A sa matasanmu masu karatu a jami'a su zauna da dattawa su naɗi muryarsu tun suna raye. A kuma nemi ma'aikatan wannan fanni a jami'a ko Gidan Arewa su zo su koya mana na yini guda. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Dattijon nan da na ba ku labarinsa, daga cikin takardunsa guda uku kaɗai suka tsira da rubutunsu, waɗanda ya soke cikin tadarishin wani littafi a saman kabad. Ɗaya daga ciki ita ce ta filin gidan. Jikarsa ta ɗauki hotonta, an aika wa ƙaninsa can gida. Allah Ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan masifa, Ya zaunar da Barno da ƙasarmu lafiya, amin.